Mundayen Hajiya Zulai

Ana saukowa daga masallacin Juma'a labari ya bazu a layin maƙera da ke bayan Titin Koudoukou, cewa an fasa shagon Malam Alhasan maƙerin azurfa. Ta ƙofar baya aka shiga. Ba a ɗauki komai ba sai mundaye biyu na Hajiya Zulai mai atamfa, waɗanda kakarta ta taho da su daga Damagaram tun Bangui ba ta wuce 'yan unguwanni ba. Ɗaya ce ta tsage, shi ne ta kai su gyara ranar Talata.

Kafin la'asar mutane sun riga sun yanke hukunci. An ga babur ɗin Luqman a lungun bayan shagon da hantsi. Luqman ɗan moto ne, yana ɗaukar fasinja da kaya daga kasuwa zuwa cikin unguwa. Ubansa Bahaushe ne, ya rasu tuni. Uwarsa 'yar ƙasa ce, yaren Sango ya fi zama a bakinsa, kuma yana cikin waɗanda ido ke fara sauka a kansu idan abu ya ɓace a unguwar Kilomita Biyar. Wasu suka tare shi a tashar 'yan moto suka fasa masa leɓe. Mai babur ɗin da yake yi wa aiki ya karɓe makullinsa.

Hajiya Zulai ba ta so wannan hargitsin ba. Ta aika a kira mata Baba Haris.

Baba Haris igiya da buhuna yake sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar, amma ba a kan su aka san shi ba. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun da aka kora, daga Bambari har Yaloke, kafin tashin hankali ya koro shi cikin gari. Mutum ne mai kallon ƙasa idan yana tafiya, kuma bai cika ba da amsa nan take ba.

"Ba kuɗinsu ne ya dame ni ba, Malam," in ji Hajiya. "A hannun mata uku na gan su. Kuma ba na son a kashe ɗan mutane a kan kayana."

Ya ce zai duba.

*

An yi ruwa da safe, lungun ya yi taɓo, kuma Allah ya sa mutane ta gaba suka taru ba ta baya ba. Baba Haris ya tsuguna ya daɗe. Ga shatin tayar babur. Ga sawun takalmin roba mai tudu, ya nutse sosai a zuwa, bai nutse ba a komawa. Sawun ya tsaya wajen buhun gawayin da ke jingine da bango, taku biyu kafin bakin ƙofa. Ban da shi sai sawun silifa mai gajeren taku, ya fito daga shagon ya sake komawa.

Malam Alhasan na tsaye a kansa. Dattijo ne siriri, ya haura sittin, shekara arba'in yana wannan sana'a a layin nan, ba a taɓa jin kayan wani ya yi ciwon kai a hannunsa ba.

"Wannan silifar fa?"

"Tawa ce. Da na dawo daga masallaci na ga ƙofa a buɗe, na fita na leƙa."

Baba Haris ya ɗauki kwaɗon da aka yar. Lafiyarsa lau, ƙarfen da ke riƙe da shi a jikin ƙofa aka murɗe. Suka shiga ciki. Faifan zobba na nan a kan tebur, ga sarƙoƙi a rataye, ga gwangwanaye biyu na sandunan azurfa a kan kanta.

"Ɓarawon nan ba shi da haɗama," in ji Baba Haris.

"Wataƙila motsi ya ji."

"Ka gyara tsagin kafin a ɗauke su?"

Malam Alhasan ya juya yana gyara zaman awartaki a jikin ƙusa. "Ban ma kai ga taɓa su ba. Haris, zan rufe shagon nan kwana biyu. Ba ni da zuciyar aiki."

*

Washegari Baba Haris ya sami Luqman a gidan uwarsa, yana zaune a kan turmi, leɓensa ya kumbura. Uwar ta gaishe shi da Sango, ta shimfiɗa masa tabarma, ta koma gefe ta tsaya ba ta zauna ba.

"Mbi sara ye oko ape, Baba," in ji Luqman. Sai ya sake faɗa da Hausa. "Ban yi komai ba. Gawayi na kai. Duk Juma'a nake kai musu."

"Wa ya karɓa?"

"Babu kowa. Na ƙwanƙwasa bango, Malam ya ce daga ciki in ajiye in tafi."

"Kullum haka yake yi?"

Luqman ya yi tunani. "A'a. Yakan fito mu gaisa, ya ba ni goro."

"Nuna mini takalminka."

Ya miƙo. Roba ce mai tudu, diddigen hagu ya cinye. Shi ne na lungun, babu shakka. Baba Haris ya mayar masa.

"Mutanen da suka doke ni," in ji Luqman, "ni ke kai 'ya'yansu makaranta. Shekara shida. Ko ɗaya bai tambaye ni ba."

A hanyar komawa Baba Haris ya gaya wa mutum biyu ko uku cewa sawun Luqman bai kai bakin ƙofa ba. Suka ce ai yana iya taka bulo ya tsallaka. Gaskiya ne, akwai bulo a wurin.

*

Maƙerin azurfa na biyu a layin shi ne Zayyad, mutum mai ƙiba da saurin fushi, wanda kowa ya san yana sayen tsohuwar azurfa ya narka. Kuma Luqman ne ke ɗaukarsa zuwa gida kusan kullum.

"Na san abin da ake faɗa," in ji Zayyad tun Baba Haris bai zauna ba. "Wai ni na aike shi. Baba, ina narka tsofaffin kaya, amma masu su ke kawowa da ƙafarsu. Ranar Juma'a a sahun farko nake, tambayi kowa."

"Kuna shiri da Alhasan?"

"Muna gaisawa. Amma ba zan ɓoye maka ba, ya kwashe mini mata. Shekara biyu ke nan kowace ta zo sai ta ce tana son irin ta Alhasan wadda ba ta yin baƙi. Ka san damina a garin nan, ka goge sarƙa yau, sati biyu ta koma kamar gindin tukunya. Tasu ba ta yi. Na roƙe shi ya gaya mini haɗin, ya ce ba nasa ba ne, na 'yarsa ne. Da sata zan yi, wannan zan sata, ba mundayen tsohuwa ba."

Baba Haris ya biyo ta lungun bayan shagon Malam Alhasan. Ranar Lahadi ce, shagon a kulle ta gaba. Buhun gawayin ba ya wurin. A cikin kwata akwai toka da aka zubar, ruwa bai tafi da ita ba tukuna. Ya tsaya ya dube ta, ya wuce.

*

Nuriyya, 'yar Malam Alhasan, ta kusa talatin. Ta yi karatun kimiyya a jami'a, da aiki bai samu ba ta dawo ta zauna a gefen ubanta tana koyon ƙira, mutane suka yi surutu suka gaji. A gida Baba Haris ya same ta tana tsince shinkafa. Ta ce babanta ya hana ta zuwa shago, ya ce ta huta, shi kuma yakan fita da safe ya ce zai je ya zauna wurin abokai.

Ya tambaye ta wannan azurfa da ake magana.

Fuskarta ta ɗan saki. "Kawu, azurfa zalla laushi gare ta, dole a sa mata tagulla ta yi ƙarfi. To, da tagullar da ita kanta azurfar, idan suka sha iska mai laima da hayaƙi sai su yi baƙi. Ni na rage tagullar, na ƙara wani ƙarfe ɗan kaɗan, jamaniyam sunansa, daga Douala ake kawo mini shi a ɗan ƙullin da bai kai goro ba. Idan aka gasa kayan, sai ya yi musu wata fata a sama wadda ido ba ya gani. Ita ke tare baƙin."

Ta miƙo hannu. Zoben da ke yatsarta fari ne tas.

"Damina biyu ban goge shi ba. Sau goma sha ɗaya na ɓata haɗin kafin ya yi. Wani ya tsage, wani ya yi laushi. Baba har ya ce in daina ɓarnar azurfa."

"Yaya kike gane ya yi, ba sai kin jira damina ba?"

"Ƙwai. A dafa shi, a farfasa da zafinsa a kwano, a sa azurfar a gefe a rufe. Warin nan nasa shi ne maƙiyin azurfa. Ta gargajiya kafin a sha shayi a gama ta sauya launi. Tawa ba ta kulawa."

"A ido ana bambanta su?"

"In an goge su duka, da wuya. Shi ya sa na yi wa gwangwanin tawa ɗan rubutu a murfi."

"Kin taɓa mundayen Hajiya?"

"Baba bai bari ba. Ya ce aikin tsofaffi sai tsofaffi."

*

Ranar Laraba da sassafe mai sharar gidan Hajiya Zulai ta tsinci ƙulli a bayan ƙyauren zaure. Mundayen ne, duka biyun, suna ƙyalli.

Unguwa ta yi ajiyar zuciya. Aka ce Luqman ya ji tsoro ya dawo da su, a bar maganar, Allah ya shirye shi. Mai babur ya ce duk da haka ba zai sake ba shi makulli ba.

Baba Haris ya je ya gan su. Hajiya ta ɗora su a kan faranti, tana kallonsu ba tare da murnar da ya zata ba. Manya ne, masu kauri, da zanen igiya a jiki da dunƙule a kowane baki. Ya juya su a hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina tsagin?"

"Abin da nake nema ke nan tun ɗazu," in ji ta. "Babu. Kuma dubi yadda aka goge su. Kakata ma ba ta gan su da wannan hasken ba." Ta zura su a hannu, ta girgiza, ta cire. "Malam, kada ka yi mini dariya. Ɗayar ba ta san hannuna ba. Amma in ka ce in nuna maka wacce, yanzu na rikice."

Ɗan moto ba ya liƙe tsagi. Kafin azahar wannan ma ya zaga unguwa, yatsa ya koma kan Zayyad, aka ce shi ya karɓa daga hannun Luqman ya gyara don ya sayar, da ya ga ƙura ta tashi ya mayar. Zayyad ya rantse zai kai ƙara.

Baba Haris ya je shagon Malam Alhasan, wanda aka buɗe ranar. Sun san juna shekara goma, tare suke zaman hira bayan la'asar.

"Alhasan, gobe zan tara mutane a gidan Hajiya. Ko akwai abin da kake son ka gaya mini yau, mu biyu?"

Malam Alhasan ya daɗe yana shafa tebur da tafin hannu.

"Kaya ya dawo ga mai shi," ya ce. "Me ya rage?"

"Luqman ya rage."

Baba Haris ya yi masa sallama.

*

Suka taru da hantsi a tsakar gidan Hajiya, ƙarƙashin mangwaro. Zayyad ya zo da fushinsa. Luqman ya zauna can nesa kusa da ƙofa. Malam Alhasan da Nuriyya na kan tabarma ɗaya. Wasu dattawan layin uku sun zo shaida.

Baba Haris ya roƙi Hajiya a dafa masa ƙwai huɗu, a kawo da zafinsu tare da kwano mai murfi. Da Nuriyya ta ji haka sai ta ɗago kai ta dube shi.

Ya ɓare ƙwan, ya farfasa su a gefe ɗaya na kwanon, ya kwantar da mundayen a ɗaya gefen, ya rufe, ya ɗora dutse a kai.

"Ni ba maƙeri ba ne," ya ce. "Abin da ƙasa ta nuna mini shi ne Luqman ya zo da kaya mai nauyi, ya ajiye, ya koma. Bai kai ƙofa ba. Kun ce bulo ya taka, na ji. An dawo da kayan a gyare, wannan aikin maƙeri ne, kuma maƙeran azurfa uku ne a layinmu, duk suna nan. Waɗannan mundaye a wuta ɗaya aka ƙera su, sun fi shekara ɗari tare. Idan su ne, tare za su yi baƙi. Idan hakan ta faru ban san komai ba, zan nemi gafarar kowa in koma ga igiyata."

Aka kawo shayi. Ba a yi hira sosai ba. Baba Haris ya riƙe kofinsa bai sha ba. A ransa yana roƙon Allah su fito baƙi duka biyun, ko da za a yi masa dariya a kasuwa har ƙarshen shekara.

Da aka kwashe kofuna ya ɗaga dutsen. Wari ya bugo. Ya fito da mundayen ya shimfiɗa su a kan farin ƙyalle. Ɗaya ta yi ruwan ƙasa, dunƙulen bakinta ya fara komawa baƙi. Ɗayar tana nan fara sol kamar yanzu aka goge ta.

Zayyad ne ya fara magana, kuma a hankali ya yi ta. "Wannan ba daga shagona ta fito ba. Ban san haɗin ba, kowa ya sani."

Idanu suka koma kan Nuriyya. Ta dubi munduwar, ta dubi ubanta.

"Haɗinta ne," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Ita kaɗai ta iya."

"Ku bar ta," in ji Malam Alhasan. "Ba ta san komai ba."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ɗan ƙullin tsumma. Yatsunsa suka yi ta laluben bakin ƙullin, har Baba Haris ya karɓa ya kwance masa. Curin azurfa ne a ciki, baƙi, a murɗe, gefe ɗaya har yanzu da sauran zanen igiya.

"Ga munduwarki, Hajiya. Ranar Alhamis na zo liƙe tsagin. Maƙeri da launi yake sanin wuta ta isa, akwai jan da in ya bayyana sai a janye. Ban ga jan ba. Ina jira, ina jira, sai na ji ta zube. Shekara guda ke nan da yanar ido ta fara rufe mini gani. Ban gaya wa kowa ba. Ƙananan ayyuka na tura wa Nuriyya, na ce don ta koya ne. Manya kuwa hannu ya haddace."

"Me ya sa ba ka zo ka faɗa mini ba?" in ji Hajiya.

"Na yi niyya. Na kai har bakin layinku na juya. Na ce in aka ji, shi ke nan, babu mai sake kawo mini kaya, shekara arba'in sun tafi. Sai na ce in aka ce sace su aka yi, zan sami kwana huɗu in ƙera wata. Ni na murɗe ƙarfen ƙofar da awartakina. Na so in zuba ta da azurfar gargajiya don su tsufa tare da 'yar'uwarta. Na ɗauka gwangwanin da na buɗe ke nan. Rubutun murfin ban gan shi ba."

Nuriyya ta rufe fuska da mayafi.

"Wallahi ban kawo Luqman a raina ba," in ji Malam Alhasan. "Da na ji an doke shi na so in fito. Sai na ce in na yi sauri na mayar da kayan, maganar za ta mutu."

"Ta mutu a wurinka," in ji Baba Haris. "Shi a kansa ta zauna."

Hajiya Zulai ta ɗauki curin ta juya shi a tafin hannu. Ta haɗa shi da munduwar da ta yi baƙi ta ƙulle a bakin zanenta. Farar ta tura ta gaban Nuriyya.

"Mayar da wannan shagonku. Aiki ne mai kyau, amma ba tawa ba ce. Malam Alhasan, da ka zo mini da wannan curin ranar Alhamis, da na yi kuka na haƙura. Wuta ce, tana cin na kowa. Nawa na yafe. Wanda ba nawa ba, ba ni da ikon yafewa."

Malam Alhasan ya juya wajen ƙofa, ba daidai inda Luqman yake ba, ɗan gefe kaɗan.

"Luqman, ɗana, ka yafe mini."

Luqman bai tashi ba. Ya taɓa leɓensa.

"Ba a nan aka doke ni ba, Malam. A tasha ne, a gaban kowa. Uwata kwana shida ba ta je kasuwa ba."

Dattawan suka fara cewa ai ya isa, babba ne, za su kai maganar da kansu, za su ga mai babur ɗin ma. Malam Alhasan ya ɗaga musu hannu.

"Gaskiyarsa ne. Yanzu akwai mutane a tashar?"

"Yanzu ne suka fi yawa," in ji Luqman.

Tsohon ya dafa ƙasa ya miƙe, ya laluba silifarsa da ƙafa. Luqman ya riga ya fita. A bakin zaure akwai kwata mai faɗi wadda aka ɗora wa katako ɗaya. Malam Alhasan ya tsaya a gabanta, jama'a na bayansa suna jira.

"Nuriyya," ya ce, "zo ki kama hannuna. Ba na ganin katakon."